Buganbiliya, Furen da Ya Ci Sunan Shugaban Jirgi

Yara, in an haifi jariri, ran kwana bakwai ake yanka rago a raɗa masa suna. Sau da yawa yakan ci sunan kakansa, ko na wani malami, ko na wani aminin ubansa. In ka bi sawun sunan mutum, sai ka iske labari a bayansa. Hausawa sun ce suna linzami ne.

Itatuwa da furanni ma suna da sunaye, kuma kowane suna da mafarinsa. A cikin wannan darasi za mu ɗauki fure guda wanda muke gani a garuruwanmu, mu bi sawun sunayensa har inda suka fito.

1. Mu duba ta da kyau

In kun taɓa zuwa Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, kun ga wata shuka mai hawa katanga a gidaje da ma'aikatu da masaukin baƙi. Tana da ƙaya. Rassanta suna miƙewa su lulluɓe bango, wani lokaci har su hau itacen da ke kusa. In ta yi ado, daga nesa ake hango ta: wata ja, wata shuɗi-shuɗi mai ja, wata ruwan goro, wata fara fat. Da Faransanci ana ce mata bougainvillier ko bougainvillée. Mu a nan za mu rubuta buganbiliya.

Ku tsinko ɗan reshe, amma ku yi hankali da ƙaya. Ku duba abin nan mai launi da kowa yake ce ma fure. Ku taɓa shi: siriri ne, yana ƙara kamar takarda. Ku ɗaga shi wajen rana: za ku ga jijiyoyi a jikinsa irin na ganye. To, ganye ne wanda ya canza launi. Guda uku ne suke haɗuwa wuri ɗaya. A tsakiyarsu akwai wasu ƴan ƙananan abubuwa uku, dogaye kamar bututu, masu farin baki. Su ne furannin gaskiya. Ganyayen nan masu launi aikinsu kiran ƙwari da tsuntsaye, don su zo su ɗauki garin fure su kai ma wani fure.

Ku riƙe abu biyu: lambar nan uku, da kamar takarda da ganyen yake yi. Za mu sake gamuwa da su.

Buganbiliya baƙuwa ce a ƙasarmu. Asalinta Amurka ta Kudu ne, wajen Birazil da Peru da Arjantina. Tana son rana, tana jure ƙishi, shi ya sa zaman ƙasarmu ya karɓe ta.

2. Sunayen da mutane suka ba ta

Duk ƙasar da buganbiliya ta je, mutanen wurin sun duba ta, sun ba ta suna da harshensu.

A Indonesiya ana ce mata bunga kertas, wato furen takarda. Da Ingilishi ma akwai masu kiran ta haka. Kun ga dalili da hannunku.

A Birazil ana ce mata três-marias, wato Maryamu uku. A Benezuwela ana ce mata trinitaria, kalmar da ta fito daga uku. Su lambar ganyayen suka duba.

A Kolambiya ana ce mata veranera, wato ta rani, don lokacin da ruwa ya ɗauke ne take cika ado.

A Masar da Sudan Larabawa suna ce mata jahannamiyya. In ja ta lulluɓe bango, sai ka ce wuta ce ta tashi. A wasu ƙasashen Larabawa kuma majnuna suke ce mata, wato mahaukaciya, don in ba a aske ta ba, ba ta san iyaka ba.

Haka mu ma muke yi da Hausa. Mun ga wani itace yana saurin tsawo, muka ce masa dogon yaro. Mun ga abin da zaƙami yake yi ma wanda ya ci ƴaƴansa, muka ce masa haukata-yaro, don kowa ya ji ya kiyaye. Masara kuwa tana ɗauke da sunan ƙasar Masar, ko da yake asalinta Amurka ne. Irin waɗannan sunaye su ake kira sunayen gama-gari. Suna da daɗi, suna da hikima, kuma suna gaya mana abin da mutane suka lura da shi.

Amma akwai matsala. Itace guda yana iya samun suna da yawa. Dogon yaron nan, a wani gari bedi ne, a wani gari darbejiya, a wani kuma maina. Suna guda kuma yana iya zama na shuka biyu. A Birazil, in an ce primavera, buganbiliya ake nufi. A Sipaniya, in an ce primavera, wani ɗan gajeren fure ne na ƙasar sanyi, wanda ba shi hawa bango, ba shi da ƙaya. In maganar ado ce, kuskuren da sauƙi. In kuwa maganar magani ce, ko irin shuka da za a aiko daga wata ƙasa, kuskuren suna yana iya jawo hasara, har ma ya ci rai.

3. Sunan da masana suka yarda da shi

Saboda haka masana ilimin tsirrai suke ba kowace shuka suna guda, wanda ba shi canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Shi ake kira sunan kimiyya. Da Latinanci ake yin sa, tsohon harshen Rumawa, don shi ne harshen da malaman Turai suke rubutu da shi a da.

Da farko sunayen nan dogaye ne ƙwarai, suna guda yakan cika layi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl von Linné, wanda aka haifa a 1707 ya rasu a 1778, shi ya gajarta su. A shekara ta 1753 ya fitar da littafi mai suna Species Plantarum. A ciki ya ba kowace shuka suna mai kalma biyu. Kalma ta farko sunan dangi ce, kamar yadda ake cewa gidan wane. Ta biyu ita ke bambanta shukar da ƴan'uwanta, kamar sunan yanka. Har yau wannan tsari ake bi a duniya duka.

Sunan dangin furenmu shi ne Bougainvillea. A cikin dangin akwai iri fiye da 10. Biyu daga ciki sun fi shahara a garake:

Bougainvillea spectabilis. Kalmar spectabilis tana nufin abin kallo. Ganyenta yana da ɗan gashi mai laushi. Wani masani Bajamushe, Willdenow, ya sa mata wannan suna a 1799.

Bougainvillea glabra. Kalmar glabra tana nufin mai santsi, marar gashi. Wani masani ɗan ƙasar Suwis, Choisy, ya sa mata suna a 1849.

Akwai kuma Bougainvillea peruviana, wato ta ƙasar Peru. Masu garka sun yi ta haɗa waɗannan iri aure, shi ya sa yau launukan suka yi yawa.

Kun ga kalma ta biyu tana bayyana kama ko ƙasa. To, ta farkon fa? Mi ne ne Bougainvillea? Sunan mutum ne.

4. Tafiyar jirage biyu

Louis-Antoine de Bougainville hafsan soja ne na Faransa. An haife shi a Paris a 1729, ya rasu a 1811. A shekara ta 1766 sarkin Faransa Louis na 15 ya ba shi jiragen ruwa biyu, ya umarce shi ya kewaya duniya. Sunan jirgi na farko La Boudeuse, na biyu L'Étoile, wato Tauraruwa. A wancan zamani jirage ba su da inji, iska ce ke tura su.

A cikin Tauraruwa akwai wani likita masanin tsirrai, Philibert Commerson. Aikinsa shi ne, duk inda jirgi ya tsaya, ya sauka ya tara ganyaye da furanni da iri. Sai a shimfiɗa su tsakanin takardu, a danne su bushe, a rubuta inda aka samo su. Commerson ya zo da wani yaron aiki mai taimakonsa, wanda aka rubuta sunansa Jean Baret.

A watan Yuni na 1767 jiragen biyu suka haɗu a Riyo de Janero, a gaɓar Birazil. A dazuzzukan da ke kewaye da garin aka tsinko reshen wata shuka mai ƙaya, mai jan ado. Commerson bai iske ta a cikin littattafan masana ba. Sai ya raɗa mata sunan shugaban tafiyar, don girmamawa. Aka ɗauki Bougainville, aka ƙara masa harafin a, ya zama Bougainvillea.

Bougainville ya ci gaba da tafiya, ya koma Faransa a watan Maris na 1769. Shi ne Bafaranshe na farko da ya shugabanci tafiyar kewaya duniya. Akwai wani babban tsibiri a ƙasar Papuwa Sabuwar Gine wanda har yau sunansa yake ɗauke da shi. Commerson kuwa bai koma gida ba. Ya sauka a tsibirin Moris a 1768, ya ci gaba da bincike can da Madagaska, ya rasu a Moris a 1773 bai buga littafinsa ba. Aka kwashe busassun ganyayensa da takardunsa aka kai Paris. A 1789 wani masani, Antoine-Laurent de Jussieu, ya buga sunan a cikin littafinsa Genera Plantarum. Shi ya rubuta Buginvillaea. Daga baya masana suka tsayar da rubutun da muke gani yau.

5. Wadda ba a sa sunanta ba

Yaron aikin nan Jean Baret, ashe ba namiji ba ne. Mace ce, sunanta Jeanne Baret. An haife ta a 1740 a wani ƙauye na Faransa, ɗiyar talakawa manoma. Ita ke kula da gidan Commerson tun kafin tafiyar, kuma ta san tsirrai sosai. Dokar jiragen sarki ta hana mata shiga jirgi. Sai ta sa tufafin maza, ta shiga.

Commerson yana fama da gyambo a ƙafa, yawo yana yi masa wuya. Jeanne ce ke ɗaukar kaya, ta hau duwatsu, ta kutsa cikin sarƙaƙiya, ta tsinko ganyaye. Shi ya sa masu binciken tarihi da dama suke ganin hannunta ne ya tsinko reshen buganbiliya na farko a Riyo. A ƙarshen kudancin Amurka, inda sanyi yake da tsanani, haka ta yi ta ɗaukar abinci da makamai da damman takardu a bayansa. Su biyu sun tara samfurin tsirrai dubbai.

Bougainville ya rubuta cewa a tsibirin Tahiti, a 1768, asirinta ya tonu. Ta sauka a Moris tare da Commerson. A 1774 ta yi aure, daga baya ta koma Faransa. Da wannan komawa ta zama mace ta farko da aka sani ta kewaya duniya. A 1785 gwamnatin sarki ta yanka mata kuɗin fansho na kowace shekara. Ta rasu a 1807.

Commerson bai manta da ita ba. A cikin takardunsa ya sa ma wani itace suna Baretia. Amma kafin a buga takardun, wani masani ya riga ya ba dangin itacen wani suna, kuma ƙa'ida ita ce sunan da aka fara bugawa shi ke zama. Sunan Jeanne ya faɗi. Sunan shugaban jirgi, wanda ba tsinkar ganye ne aikinsa ba, ya bazu a duniya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai a shekara ta 2012, bayan rasuwarta da shekara 205, masana suka ba wata shuka mai yaɗo ta ƙasashen Peru da Ekwado suna Solanum baretiae. Dangin Solanum kun san su: a ciki gauta take, da tumatir, da dankalin Turawa. A 2024 kuma, wajen bikin buɗe wasannin Olimpik a Paris, an nuna mutum-mutuminta cikin na mata 10 da Faransa ta girmama.

6. Itatuwan gida ma suna da sunan kimiyya

Kuka: Adansonia digitata. Ta ci sunan Michel Adanson, masani Bafaranshe da ya sauka Senegal a 1749. Digitata tana nufin mai yatsu. Ku duba ganyen kuka, ku duba tafin hannunku.

Ɗorawa: Parkia biglobosa. Ta ci sunan Mungo Park, Baturen da ya bi kogin Kwara da jirgi, ya mutu a Busa a 1806.

Gawo: Faidherbia albida. Ya ci sunan Faidherbe, gwamnan mulkin mallaka na Senegal. Albida tana nufin fari-fari, kamar jikin rassansa.

Tsamiya: Tamarindus indica. Daga Larabci ne, tamar hindi, wato dabinon Indiya, alhali tsamiya ƴar Afirka ce.

Lalle: Lawsonia inermis. Ya ci sunan Isaac Lawson, likita abokin Linné.

Mi kuka lura? Yawancin sunayen nan na Turawa ne, don su suka rubuta littattafan. Sa ma itace suna a littafi ba shi nufin mai sunan ne ya fara sanin sa. Kakanninmu sun san gawo yana zubar da ganye da damina, yana gyara gona, tun ba a haifi Faidherbe ba. Mutanen asalin Birazil ma sun san buganbiliya kafin jirgin Faransa ya iso. Saboda haka ɗan makaranta yana bukatar sunaye biyun. Sunan gida yana haɗa shi da sanin iyaye da kakanni. Sunan kimiyya yana ba shi damar magana da malamin gona, da likita, da masanin kowace ƙasa, ba tare da kuskure ba.

7. Yadda ake rubuta sunan kimiyya

Kalma ta farko da babban baƙi take farawa. Ta biyu da ƙaramin baƙi, ko da daga sunan mutum ko na ƙasa ta fito. A littafi ana buga su da karkatattun baƙaƙe. In da hannu kuke rubutu, ku ja layi a ƙarƙashinsu.

Mu riƙe

Abin da muke gani mai launi a jikin buganbiliya ganye ne, furen gaskiya yana tsakiya. Asalinta Amurka ta Kudu. Sunayenta na gama-gari sun fito daga kamarta, da lambar ganyenta, da lokacin adonta. Sunanta na kimiyya ya fito daga Bougainville. Commerson ya raɗa shi a tafiyar 1767, Jussieu ya buga shi a 1789. Jeanne Baret tana cikin waɗanda suka yi wahalar aikin.

Kalmomi

samfuri: ɗan abin da aka ɗebo don a gane sauran da shi.
dangi: a nan, tsirran da suka yi tarayya a kalmar farko ta sunan kimiyya.
gyambo: miki wanda ya daɗe bai warke ba.
fansho: kuɗin da hukuma ke ba mutum bayan ya gama aiki.
tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina.

Tambayoyi

1. Ina furen gaskiya na buganbiliya yake? Mi ne ne aikin ganyaye masu launi?
2. Don mi ake ce mata furen takarda? Don mi ake ce mata Maryamu uku?
3. Ku kawo matsala biyu da ake samu da sunayen gama-gari.
4. Wa ya kawo tsarin suna mai kalma biyu? A wace shekara?
5. Mi ake nufi da spectabilis, da glabra, da digitata?
6. Shekara nawa ne tsakanin tsinko reshen a Riyo da buga sunan a littafi?
7. Don mi Jeanne Baret ta sa tufafin maza?
8. A ganinku, sunan wa ya kamata furen nan ya ci? Ku faɗi dalilinku.

Aiki

1. Ku nemi taswirar duniya. Ku nuna Faransa, Birazil, Tahiti da Moris, ku bi hanyar jiragen da yatsa.

2. Ku tambayi iyayenku ko wani dattijo sunayen itatuwa biyar na garinku, da dalilin kowane suna. In a ajinku akwai masu jin Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Buzanci, ku rubuta sunayen da harsunansu su ma. Malam zai taimake ku da na Faransanci da na kimiyya.

3. Ku yi kundin ganyaye irin na Commerson da Jeanne Baret. Ku shimfiɗa ganye da fure tsakanin tsofaffin takardu, ku ɗora dutse mai faɗi a kai. Ku riƙa canza takardun har ganyen ya bushe. Ku manna shi a takarda mai tsabta, ku rubuta sunansa, da wurin da aka samo shi, da ranar, da sunan wanda ya tsinko.

4. Ku dasa buganbiliya a makaranta. Ku yanko reshe wanda ya fara ƙwari, tsawon taƙi ɗaya. Ku cire ganyayen ƙasa, ku soka shi cikin tukunya mai rairayi da ɗan taki. Ku ajiye a inuwa, ku riƙa yayyafa ruwa har ya yi saiwa ya fitar da sabon ganye. Sa'an nan ku dasa shi jikin katanga, inda rana ke bugu. In ta kafu, kada ku cika mata ruwa: ruwa mai yawa ganye yake sa ta yi, adon ya ragu.

5. Ku yi shawara a aji: in ku aka ba raɗin suna, wane suna za ku sa ma buganbiliya da Hausa? Kowa ya rubuta nasa da dalilinsa cikin layi uku.